An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Martani ga Malamin da Ya Ce Littafin Hoto Ya Kashe Dandali

Sau biyu na karanta maƙalar da Malam ya rubuta a kan littattafan hotuna na yara. Na farko a tsaye na karanta ta, cikin gaggawa. Na biyu sai da na bari gida ya yi tsit bayan isha'i, domin ban so in mayar wa mutum irinsa martani da zafin karatun farko. Malam ya girme ni, ya kuma daɗe yana koyarwa, kuma kowa ya karanta rubutun zai ji cewa ciwon yara ne ya sa shi ɗaukar alƙalami. Wannan ciwon muna tare da shi. Inda muka rabu shi ne wanda ya ɗora wa laifin.

Ga abin da ya ce, gwargwadon yadda na fahimta. Littafin hoto baƙon abu ne da aka kwaso daga ƙasashen Turawa. Yana zaunar da yaro a ɗaki a lokacin da ya kamata a ce yana waje yana langa. Yana tauye masa tunani, saboda tatsuniya tana barin yaro ya ƙera Dodonsa da kansa a zuci, hoto kuwa ya riga ya yanke masa hukuncin yadda Dodo yake. Sannan ga tsada: shafi guda, layi guda, sauran duk fenti. Ya rufe da cewa gara uba ya sayi littafin lissafi, ya kora yaron waje.

Bari in fara da abin da na gani da idona, tun da gani ya kori ji.

Akwai ɗan ƙanwata da yake zaune a wurina, shekararsa bakwai. Gidan haya muke, tsakar gidan siminti ne, faɗinsa bai wuce a shimfiɗa tabarma uku ba. In ya dawo daga makaranta ya ci abinci, ba abin da yake nema sai wayar matata. Wata rana wani abokina ya kawo mana tsaraba, littafi siriri mai suna Galimoto, wanda Karen Lynn Williams ta rubuta, Catherine Stock ta zana, ya fito a 1990. Labarin a Malawi yake, kuma galimoto a harshen Ciciwa mota ke nan. Wani yaro ne mai suna Kondi, shi ma ɗan shekara bakwai, yake ajiye 'yan tarkacensa a cikin tsohon kwalin takalmi. Ya tashi da safe ya ce shi yau sai ya ƙera mota ta waya. Wansa ya yi masa dariya, ya ce bai isa ba, kuma wayarsa ba za ta kai ba. Sai ya shiga gari yana tsintar waya, daga shagon kawunsa zuwa wurin injin niƙa, har yamma ta yi masa da motarsa a hannu.

Da Turanci aka rubuta shi, don haka ina duba shafi ina ba shi labarin da Hausa. Bai kai minti goma ba muka gama. Yaron bai ce komai ba, sai ya karɓi littafin ya koma shafin da aka zana motar, ya kafa mata ido, yana bin lanƙwasar wayar da ɗan yatsa. Washegari Asabar, tun kafin a sauke koko ya fita. Ya je wurin mai gyaran keke na bakin layinmu ya roƙo wayar tsohuwar ƙafar keke. Ya yanko robar tsohon silifa ya yi tayoyi, biyu sun fi biyu girma. Sitiyarin ya ƙi zama, sai faɗuwa yake, har ya yi kuka. A nan ne wani dattijo maƙwabcinmu, da yake zaune a kan benci yana jan carbi, ya kira shi ya nuna masa yadda ake ɗaure mahaɗar da zaren roba, ya kuma ba shi labarin motar kara da suke yi da totuwa da ɓawon kara a lokacin kaka suna yara. Kafin la'asar yara biyar ne a ƙofar gidanmu, kowa da wayarsa, ana gardamar wa zai zama direba wa zai zama yaron mota. Sati biyu aka yi ana wannan hidima. Wayar matata ta huta.

Minti goma na zama, sati biyu na gudu a rana. Wannan lissafin nake so Malam ya duba kafin ya ce littafin hoto yana ɗaure yaro. Yawancin irin waɗannan littattafai shafi 32 ne kacal. An yi su ne a karanta a ajiye, kuma nagarinsu ba ya ƙarewa a shafin ƙarshe, a tsakar gida yake ƙarewa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ma haka ta kalli abin. A ƙa'idojin da ta fitar a 2019 game da yara 'yan ƙasa da shekara biyar, ta ce yaro daga shekara ɗaya zuwa huɗu yana bukatar aƙalla minti 180 na motsa jiki a kowace rana, kuma ɗan shekara biyu zuwa huɗu kada ya wuce awa ɗaya a gaban talabijin ko waya. Amma da ta zo kan lokacin da yaro yake zaune, abin da ta ƙarfafa shi ne karatu da ba da labari tare da mai renonsa. Wato ta ware littafi daban da waya. Malam kuwa ya zuba su a kwando ɗaya, ya ce duk zaman ɗaki ne.

To me ya kashe dandali, in ba littafi ba? Malam ya fi ni sanin amsa, domin a gabansa aka yi. Filin da muke buga ƙwallo muna yara, yau shaguna ne a jere. Makarantu da yawa a gidajen haya suke, ba su da inda yaro zai yi tsere, lokacin tara sai a zauna a aji a ci biskit. Yaro ya taso ƙarfe biyu, ya wuce Islamiyya, ya dawo ga malamin darasin gida yana jira, ga aikin gida da aka ba shi. Lungun da a da jaki ne kawai yake ratsawa, yanzu babura da a-daidaita-sahu ne ba dare ba rana. Sama da duka akwai tsoro. Uwar da ta ji labarin an sace yaro a wata unguwa ba za ta bar nata ya fita wasan farin wata ba, kuma ba wanda zai ga laifinta. A cikin gidaje ɗari da aka daina fita dandali, ina so Malam ya nuna mini guda nawa ne suke da littafin hoto ko da ɗaya. Abin da babu shi a gida ba zai zama shi ya hana yaro fita ba.

Akwai wani abu a adabinmu da ya faɗo mini a rai a nan. A littafi na ɗaya na Magana Jari Ce na Abubakar Imam, aku yana ta ba Musa ɗan Sarki Abdurrahman labari bayan labari don ya hana shi fita daga fada. Da Malam ya kawo wannan misali da na ce ya samu hujja, ga labari yana tsare yaro a gida. Amma me ya sa aku ya yi haka? Saboda akwai makircin Waziri yana jira a waje. Haɗarin da ke waje shi ya rufe ƙofa, labari kuwa shi ya riƙe yaron da rai da hankali har haɗarin ya wuce. Halin da yaranmu da yawa suke ciki ke nan a yau.

Kuma a kora yaro waje ba shi ne wasa ba. Yarinyar da ke yawo da farantin talla tun safe a waje take. Yaron da ke bara a bakin titi a waje yake. Babu ɗayansu da ke wasa. Wasa yana bukatar lokacin da yake na yaro ne shi kaɗai, da wurin da babu fargaba, da kuma wani abu da zai ɗarsu a ransa ya ce bari in gwada. Sashe na 31 na Yarjejeniyar Kare Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta 1989, ya lissafa wasa da hutu a cikin haƙƙoƙin yaro, sashe na 17 kuma ya nemi gwamnatoci su ƙarfafa wallafa littattafan yara da yaɗa su. Takarda ɗaya ce ta ɗauko su biyun.

Yanzu ga maganar da ta fi nauyi a cikin rubutun Malam, wadda ta hana ni barci a daren da na karanta: cewa hoto yana kashe tunani. Akwai gaskiya a cikinta, ba zan ɓoye ba. Gizon da kakata take ba mu labarinsa ba shi da fuska guda. Nawa siriri ne mai ƙaton ciki, na yayata kuwa tsoho ne mai gemu, kuma ba mu taɓa sanin mun bambanta ba sai da muka girma muna hira. In aka zana Gizo aka ce wannan shi ne, an rage wani abu. Akwai kuma littattafan hoto marasa kyau, waɗanda zanen yake maimaita abin da rubutu ya faɗa kawai, an ce ga akuya, an zana akuya, shi ke nan. Irin waɗannan in Malam ya yi watsi da su ba zan tsince su ba.

Amma littafin hoto na ƙwarai ba haka yake aiki ba. Tsakanin rubutu da zane ana barin giɓi da gangan, yaron ne yake cike shi. A 1968 Pat Hutchins ta fitar da Rosie's Walk a Ingila. Rubutun littafin gaba ɗaya jimla ɗaya ce tak: wata kaza ta fita yawo, ta zaga gona, ta dawo gida cin abinci. Ba a ambaci komai ba bayan haka. A cikin zanen kuwa, tun daga shafin farko akwai dila yana bin ta a baya, duk inda ya kai mata cafka sai wata masifa ta faɗa masa, ita ko ba ta ma san ana yi ba. Babba yana karanta labarin kaza, yaro yana ihu yana nuna dila. Yaron da bai iya karanta harafi ko ɗaya ba ya san abin da rubutu bai faɗa ba, shi ne yake ba babba labari. Wannan aikin ƙwaƙwalwa ne mai yawa, kuma irin aikin da mai sauraron tatsuniya yake yi ne sa'ad da ya gane dabarar Gizo kafin kura ta gane.

Antoinette Portis kuma a 2006 ta yi wani mai suna Not a Box. Wani ɗan zomo ne da kwali. Ana tambayarsa me yake yi a cikin kwali, shi kuma yana cewa ai wannan ba kwali ba ne. An zana kwalin da baƙin layi, sannan aka zana abin da zomon yake gani da jan layi a kansa: motar tsere, dutse, jirgin zuwa sararin samaniya. Littafin bai ba yaro abin wasa ba, ya dai tabbatar masa cewa abin da yake gani a cikin kwali gaskiyarsa ce. Duk wanda ya taɓa hawan kara ya ce doki ne, yana sukuwa yana ƙi-ƙaƙa da bakinsa, ya san wannan jan layin. A Amurka akwai gidan tarihin wasa a birnin Rochester da ke karrama kayan wasan da suka yi fice. A 2005 sun shigar da kwali cikin jerin waɗanda suka karrama, a 2008 suka shigar da sanda, sandar icce da ake tsinta a ƙasa. Abin da ƙasa mai masana'antun kayan wasa ta dawo tana girmamawa, shi ne abin da yaranmu suke da shi a kowane lungu.

Tun da Malam ya taɓo batun tarbiyya, zan kawo abu guda in bar sauran ga malamai. A cikin Sunan na Abu Dawud an ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ga 'yan tsanar Nana A'isha, a cikinsu akwai doki mai fukafukai biyu na ƙyalle. Ya tambaye ta, ta kafa masa hujja da dawakin Annabi Sulaimanu, ya yi dariya. Labari ta ji, ta mayar da shi abin wasa da hannunta, ba a tsawata mata ba. Hanyar ke nan da nake magana a kai, daga labari zuwa hannu.

Saura batun baƙunta. Malam ya tambaya, me ɗan Kano ya sani game da dusar ƙanƙara? Ina jin yana nufin irin The Snowy Day na Ezra Jack Keats, wanda ya fito a 1962 ya ci lambar Caldecott a 1963, wanda kuma babban ɗakin karatu na birnin New York ya bayyana a 2020 cewa shi ne littafin da aka fi ara a tarihinsa na shekara 125. Yaro ne baƙar fata mai suna Peter, ya fita da safe cikin jar riga, yana kallon sawunsa, yana jan sanda tana yin layi, ya dunƙula ƙanƙara ya sa a aljihu don ya ajiye, da dare ya duba ya tarar ta narke. Ni ban taɓa taka dusar ƙanƙara ba. Amma ina ɗan yaro an taɓa yin ruwa da ƙanƙara a garinmu, muka fita da gudu muna tsinta, na cika aljihun wandona don in kai wa innata, kafin in isa zaure sai ruwa yana bin cinyata. Na tsaya ina kuka. Da na ga shafin nan na Peter, ina da gemu, sai da na ji wannan sanyin a cinya. Yaro a ko'ina yake ya san baƙin cikin abin da ya ɓoye ya narke.

Duk da haka, a nan ne Malam ya fi kusa da gaskiya, sai dai ya tsaya a rabin hanya. Abin kunya ne a ce ɗan ƙanwata sai da ya bi ta Malawi, ta hannun marubuciya Ba'amurkiya, kafin ya iso ga motar da kakanninsa suke ƙerawa a bayan gida. Maganin wannan shi ne mu yi namu. An taɓa ɗaukar hanyar. Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara Tatsuniyoyi da Wasanni a littattafai shida a farkon shekarun 1970, Umaru Dembo ya rubuta Wasannin Yara, ya kuma kai yaran Hausa sararin sama a Tauraruwa Mai Wutsiya. Daga nan sai tafiyar ta yi sanyi. Ifeoma Onyefulu ta ɗauki kyamara ta koma ƙasar Ibo ta yi Ebele's Favourite, littafin hoto a kan wasannin yaran can, aka buga shi a Landan. Meshack Asare na Gana ya ci lambar Noma a 1982 da littafin yara da ya rubuta ya kuma zana da kansa. Mu fa? Ina littafin da aka zana 'yar gala-gala, da layukanta a ƙasa da ɗan tsingaron da ake jefawa? Ina na carafke, na ɗan akuyana, na tashe da gemun auduga? Littattafan Mu Karanta da aka raba a makarantun Bauchi da Sakkwato sun yi amfani wajen koyon haɗa baƙi, amma aikinsu na aji ne. Muna bukatar wanda yaro zai karanta ya ji ƙafarsa tana ƙaiƙayi.

Masu zane ba su yi mana ƙaranci ba. A duba bayan manyan motocin da ke ɗaukar kaya a hanyoyin Arewa, zaki da mikiya da mahayi a kan doki, launi kamar ya yi magana. Hannun da ya zana waɗannan zai iya zana shafi 32. Kuma mai zane mai hankali zai iya barin Dodo a bayan kuka, a ga inuwarsa da ƙafa ɗaya kawai, sauran yaro ya ƙarasa, yadda kaka take rage murya in ta zo wurin.

Tsada kuwa gaskiya ce, takarda mai launi ba ta da araha, kuma uban da ke fama da kuɗin makaranta ba za a ce masa ya sayi littafin da aka shigo da shi daga waje ba. Amma akwai African Storybook, shirin da wata cibiya mai suna Saide ta Afirka ta Kudu take gudanarwa, inda ake samun labaran yara masu hoto kyauta a intanet cikin harsunan Afirka da yawa, har da Hausa, kuma an yarda a sauke a buga a takarda. Littafi ɗaya kuma ba na yaro ɗaya ba ne. Galimoto ɗin nan namu ya zaga gida shida a layinmu, bangonsa ya rabu, an liƙe shi da salatif, yanzu haka ban san a hannun wa yake ba. Game da cewa gara littafin lissafi, zan ce yaron da ya gano da kansa cewa tayoyi huɗu in ba su zo daidai ba mota za ta karkace, ya fara awo tun kafin a rubuta masa shi a allo.

A cikin maƙalarsa Malam ya yi sakin layi guda a kan langa, yadda ake kama babban yatsan ƙafa ta baya, yadda 'yan wasa suke kare ruwa har ya kai, ƙurar da ke tashi a farin wata, da muryar uwa tana kira daga soro. Shi ne wuri mafi daɗi a rubutun, na karanta wa yaran gidanmu shi da ƙarfi. Da na gama sai ɗan ƙanwata ya ce, "Kawu, ta wane hannu ake kama ƙafar?" Na yi ƙoƙarin kwatanta masa da baki bai gane ba, sai da na tashi na gwada masa a tsakar gida. A unguwarmu babu sauran yaron da zai koya masa, manyan da suka iya kuma sun daina.

Saboda haka ga roƙona, Malam. Ka rubuto mana langar garinku kamar yadda kuka yi ta, da sunayen 'yan wasan da ƙa'idojinta da rigimar da ake yi in an kayar da ruwa, layi ɗaya ko biyu a kowane shafi. Ni zan nemo mai zane, na riga na yi magana da wani da ke rubuta allunan shaguna a kusa da mu, ya ce a kawo masa. In an gama mu buga ko da kwafi hamsin ne, mu kai wa yaran layinmu ranar Alhamis da yamma, ka zo ka zauna a bencin dattijon nan ka gani ko za su zauna.